Malam Batir da Saƙon Laraba

Duk wanda ya ce muku a kwance ake cin kuɗin intanet, ku ce masa Mubina ta Kpakungu tana gaishe shi. Ni ce Mubinar. Na gama jami'a, na gama bautar ƙasa, ina zaune a gidan ubana ina danna kwamfuta, abin da Inna take kira "wasan nan naki". Idan baƙi suka tambaye ta aikina, sai ta ce musu ina jiran sakamako. Sakamakon me, ita kaɗai ta sani.

Wasan nawa shafi ne da muka buɗe ni da ƙawata Vivian Shekwolo tun muna makaranta, muka sa masa suna Tukunyar Minna. Girke-girke muke sakawa, da farashin kayan miya, da inda za ka samu doya mai arha ba tare da an yi maka kallon baƙo ba. Masu talla suna liƙa tallansu a gefen rubutunmu, kuma gwargwadon yawan masu leƙowa, gwargwadon abin da ake biyanmu. Da can abin yana ɗan motsi. Daga baya sai shafukan sada zumunta suka daina nuna wa mutane abin da muka saka. Ki yini kina rubuta yadda ake miyar ayayo, mutum ƙalilan su gani, rabinsu kuma 'yan gidanku ne da suka riga suka sha miyar.

Baba tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa ne, ba shi da yawan magana, shi ya sa idan ya yi ta sau ɗaya take zama doka. Ya kira ni falonsa ya ce ya ba ni zuwa babbar salla. Ko dai shafin nan ya nuna cewa sana'a ce, ko in tattara in tafi Kontagora in karɓi koyarwa a makarantar wani abokinsa. Inna tana bakin ƙofa tana tsince shinkafa, ta ce akwai hanya ta uku da ta fi duka biyun sauƙi, kuma ba ta buƙatar data.

Washegari Vivian ta sauko daga keke napep tun daga Chanchaga, da wandonta na jins da kitson da bai kwana biyu ba, ta faɗa kan katifata. 'Yar Gbagyi ce, Hausarta zalla, sai dai a bakinta kowa "kai" ne, mace da namiji. Na gaya mata hukuncin Baba. Ta ɗebi gyaɗata ta watsa a baki, sannan ta ce:

"Mubina, kai ka manta muna da mutane a imel?"

Wallahi na manta. A shekarunmu na farko muna aika wa masu karatu wasiƙa ta imel duk mako, muna kiranta Saƙon Laraba. Mutane da dama sun ba mu adireshinsu da hannunsu. Da bautar ƙasa ta raba mu, sai wasiƙar ta yi barci, ta fi shekara biyu ko juyi ba ta yi ba. Vivian ta ce waɗannan mutanen namu ne, babu wata manhaja da za ta shiga tsakaninmu da su. Mu tashe su, mu ja su zuwa shafi, masu talla su gani su dawo.

Na zauna na rubuta wasiƙa mai ladabi. Na ba da haƙurin dogon shiru, na sa mata take "Farashin doya a wannan makon". Muka aika. Saƙonni suka riƙa dawowa kamar kayan lefen auren da aka fasa, domin adiresoshi da yawa sun mutu tun tuni. A cikin waɗanda ta isa wurinsu, 'yan kaɗan ne suka buɗe. Wani ya amsa da cewa, "Wace ce ke?" Wata kuma ta rubuto, "Ashe kuna raye."

Vivian ta ce laifin doya ne. Ta ce babu wanda zai bar aikinsa ya buɗe imel don doya, alhali matarsa ta riga ta gaya masa farashinta da faɗa. Sai an samu take mai sa mutum ƙaiƙayi, sannan a yanke labarin a daidai inda ya yi daɗi, wanda ke son ƙarashe ya danna ya shigo shafi inda talla ke jiransa. Na ce to ina za mu samu irin wannan labari? Ta ce Allah zai kawo.

Allah kuwa ya kawo shi ranar Juma'a da yamma, sanye da shadda ruwan toka.

Goggo Lailatu, ƙanwar Baba da ke zaune a Tunga, ita ta haɗa. Ɗan ƙawarta ne, sunansa Munzali, yana da shagon kayan sola: faranti, batir, infata. Goggo ta ce yaro ne mai natsuwa, ba ya shan komai sai ruwa. Inna ta sa na saka atamfata mai ruwan ganye da mayafin da na yi ankon bikin wata da shi, ta feshe ni da turare har na yi tari. Na shiga falon Baba da tiren lemo na same shi zaune a bakin kujera, shaddarsa ta sha guga har tana iya yanka yatsa, hularsa a daidaice. Ba mummuna ba ne, kada in yi masa ƙarya. Dogo ne, baƙi, yana da irin idon nan na mutumin da bai taɓa cutar kowa ba.

Muka gaisa. Ya ɗaga kai ya dubi fankar sama, ya tambaye ni awa nawa muke samun wuta a rana. Daga nan ban ƙara samun damar magana ba. Ya bayyana mini bambancin batir mai ruwa da busasshe. Ya gaya mini abin da ke kashe infata. Ya ce wayar wutar gidanmu ta tsufa. Da zai tafi ya miƙo mini leda mai kyau, na karɓa da hannu biyu ina sunkuyar da kai, a raina ina cewa ko ba komai an samu turare. Na shiga ɗaki na buɗe. Fawa-bank ne.

Da safe saƙonsa na farko ya shigo: "Barka da safiya. Kada ki riƙa barin waya ta kwana a caji."

Na tura wa Vivian hoton saƙon. Ta kira ni tana dariya har numfashinta na sarƙewa, ta ce ga labarinmu nan.

Ban sa sunansa ba, ban sa unguwa ba. Na kira shi Malam Batir. Taken wasiƙar: "Saurayina ya fi son batir a kaina". Na yanke ta a daidai inda ya miƙo mini leda. Jama'a, ashe mutanen Minna ba mutuwa suka yi ba, doya ce ba sa so. Kafin magariba shafin ya ga mutanen da bai gani ba a wata guda. Waɗanda suka buɗe suka tura wa 'yan'uwansu, sababbi suka riƙa ba da adireshi daga Bosso, Maitumbi, Suleja, har da wani da ya ce daga Malesiya yake karantawa yana kewar gida. Wata Madam Alice ta rubuto cewa in riƙe shi da kyau, ita nata mijin da maganar fulogin babur ya aure ta, ga su nan da jikoki.

Laraba ta biyu ta fi ta farko. Wata mai ɗinki ta nemi mu saka mata talla, sai mai gidan abinci, sai mai sayar da kayan kicin. Na sayi katan ɗin madara na ajiye wa Inna a kan firij. Ta dube shi, ta dube ni, ta ce ashe wasan yana haihuwa.

Ranar da na san abin ya girma ita ce ranar da Goggo Lailatu ta zo mana yini. Ita ba ta san imel ba, amma 'yarta tana karanta mata duk Laraba. Tana zaune a tabarma tsakar gida, ta kwance ɗankwali saboda zafi, tana ba Inna labarin Malam Batir tana share hawayen dariya. Ta ce yarinyar ba ta da kunya, amma shi ma mutumin sakarai ne, wa ke kai wa budurwa abin caji? Sannan ta juyo gare ni ta ce in gode wa Allah da ya ba ni Munzali, ga irin mazan da suka rage a gari. Na ce wallahi kuwa, Goggo. Inna ta ɗan kalle ni ta gefen ido, domin ta san fawa-bank ɗin da ke maƙale a wayata.

Daga nan na koma manomiya, shi kuma gona. Duk Juma'a in ci kwalliya in zauna, in riƙa jefa masa tambayoyin da na san amsarsu za ta yi daɗin rubutu. Na tambaye shi wace kala ya fi so, ya ce baƙi, don ya fi kama rana. Na tambaye shi inda yake son kai amaryarsa yawo, ya ce akwai wani gida wajen madatsar Tagwai da ya haɗa wa sola, yana so in ga aikin. Yana fita ina rubutawa. Ban taɓa jin ina yin laifi ba. A ganina ai ban ƙara masa komai ba, shi ya faɗa da bakinsa.

Sai damina ta sauka, taransifomar unguwarmu ta ƙone. Baba yana da ciwon suga, allurarsa a firij take zama. Kwana da kwanaki muna yawon kai ta gidajen masu janareta, ana karɓa da fara'a ranar farko, ana karɓa da gyaran murya daga baya. Ban gaya wa Munzali ba. Cikin hira kawai na ce masa wayata za ta mutu, babu wuta. Ya ce, firij ɗin Baba fa? Ban ma san ya lura da abin da ke ciki ba.

Bayan azahar sai ga shi da farantin sola ɗaure a bayan mota, ana yayyafi. Babu shadda ranar, tsohuwar riga ce da wando mai tabon mai. Shi kaɗai ya hau kwanon ɗakin Baba, ina ƙasa riƙe da tsani, ina salati duk lokacin da ƙafarsa ta zame. Ya sauko a jiƙe sharkaf, ya haɗa wayoyi, firij ya yi gurnani ya tashi. Baba ya riƙe hannunsa ya daɗe bai saki ba. Inna ta kawo masa shayi, ya ce ana jiransa a shago, ya tafi.

Wannan Larabar na rubuta abin yadda ya faru, ban saka ba'a ko ɗaya ba. Na sa take "Abin da Malam Batir ya yi wa mahaifina". A ganina ban taɓa rubutu mai kyau irinsa ba. Masu buɗewa suka ragu da kusan rabi. Wani ya rubuto cewa shi dariya ya zo yi, in wa'azi yake so ya san hanyar masallaci. Mai kayan kicin ta ce za ta ɗan dakata da tallanta. Vivian ta zo ta zauna ta duba alƙaluman, ta ce:

"Mutumin kirki ba ya kawo mutane, Mubina. Kai ka dawo da wawanmu."

Na ji kalmar ta soke ni, na kuwa yi mamakin kaina.

Juma'ar da ta biyo baya muna zaune ƙarƙashin mangwaron ƙofar gida, saboda falon ya yi zafi. Ya fara bayanin wani sabon batir da ya shigo kasuwa. Ban san lokacin da na katse shi ba. Na ce Malam Munzali, don Allah, kai ba ka da wata magana a duniya sai ta batir? Nan take na fara nadama. Ya cire hularsa, ya juya ta a hannu, ya mayar.

"Ina da in'ina," ya ce. Kalmar kanta sai da ta tsaya masa a maƙoshi kafin ta fito.

Ya ce tun yana yaro ake yi masa dariya a aji, har ya daina ɗaga hannu. Da ya fara zaman shago sai ya gano cewa maganar da ya maimaita sau da yawa tana fita sumul, ba ta kama shi. Shi ya sa yake fakewa a bayanta. Amma da zarar ya zo faɗin abin da ke ransa, a nan harshen yake ƙullewa. Ya ce tun ranar farko akwai abin da yake son gaya mini. Ya buɗe baki, ya kama harafin farko, ya yi ta fama da shi, jijiyar wuyansa ta miƙe. Bai iya ƙarasawa ba. Ya yi dariya, ni ma na yi, amma tawa da ƙwalla ta zo. Na ce masa ya bari, na ji.

Ranar nan ban rubuta komai ba. Na kwanta ina kallon silin kamar wata sabuwar budurwa.

Litinin Vivian ta kira da albishir. Ɗan'uwanta Christopher ya kawo mana mai talla babba, zai ɗauki saman wasiƙa da gefen shafi na wata guda cur, daga wannan Larabar. Ban tambayi ko wane ne ba, harkar talla a hannunta take. Ta ce sai dai fa dole wasiƙar makon nan ta girgiza gari, kada mutumin ya ga ya yi asara. Salla kuma ta matso, Baba ya riga ya fara tambayar ko ina da akwati mai kyau.

Na zauna gaban kwamfuta na rasa abin rubutawa. Duk tsofaffin barkwancin na cinye su. Abu ɗaya ne ya rage mini, kuma na san shi.

Na gaya wa kaina cewa da tausayi zan rubuta, don mutane su fahimce shi. Haka kuwa na fara. Amma da na zo wurin da ya kasa ƙarasa maganarsa, sai na rubuta harafin a jere, sau da yawa, yadda ya fito daga bakinsa, domin na san nan ne za a ɗauki hoto a tura wa ƙawaye. A nan kuma na yanke wasiƙar. Vivian ta sa take: "Asirin Malam Batir ya tonu". Muka saita ta ta tafi da kanta ranar Laraba ƙarfe huɗu, lokacin da mutane suka fi buɗewa.

Ranar Laraba na buɗe kwamfutar da safe don in soke, na rufe. Na sake buɗewa bayan azahar, na karanta, na ce ai ba suna a ciki, na rufe. Ina wanke-wanke da tsohon zane da hijabin Inna sai na ji sallama. Munzali ne, a ranar da ba tasa ba, da kayan aiki a jikinsa. Baba ya fita masallaci. Na shigar da shi falo hannuna na ɗigar kumfa.

Ya ajiye wayarsa a kan teburin tsakiya. Yana ɗan murmushi.

"Malama Mubina, ni ne mai tallan."

Na ce wane talla? Ya ce na Christopher, maƙwabcinsa ne a layin shaguna. Sannan a hankali, yana tsayawa yana ci gaba, ya gaya mini cewa ya sani tun wasiƙar farko ta Malam Batir. Wani mai sayen batir ne ya karanta masa ita a shago yana dariya, ya ce ka ji wani ɗan sana'arku. Da aka zo kan fawa-bank ya gane kansa. Ya ce ranar bai ci abinci ba. Daga baya ya ba da nasa adireshin, ya riƙa karantawa, har ya fara dariya shi ma, domin ban yi masa ƙarya ba. Ta ranar ruwan sama kuwa ya karanta ta har ya kusa haddacewa. Goggo ta gaya wa mahaifiyarsa zancen Kontagora, shi kuma ba ya so in tafi. Ya ce tunda dai shi ne hajar, gara shagonsa ya tsaya a gefenta.

Ban iya ɗaga kai ba. Kumfar hannuna ta bushe.

"Ki ci gaba da rubutunki," ya ce. "Hular, batir ɗin, duk na yafe. Abu ɗaya kawai nake roƙo. Maganar ranar Juma'a, ki bar mini ita. Ke kaɗai na t-taɓa gaya wa haka."

Na ɗaga ido na dubi agogon bangon Baba, saura ƙiris huɗu ta cika. Na miƙe zan ruga ɗaki. Wayarsa ta yi ƙara a kan tebur, fuskarta ta haska.

Na ce don Allah kada ka buɗe. Ya dube ni, ya dubi wayar, ya ɗauka. Ina tsaye ina kallon babban yatsansa yana tafiya a hankali. Ya kai inda na yanke. Na zaci a nan zai tsaya, amma ya danna, kamar kowa, ya shiga shafin. Daga inda nake ina hango hoton shagonsa a gefen rubutun, da lambar wayarsa da manyan haruffa, daidai kusa da layin da na jera harafin nan.

Ya karanta har ƙarshe. Ya sa wayar a aljihu, ya miƙe, ya gyara hularsa.

"Tallan ya fito da kyau," ya ce. "A gaida Baba."

Na bi shi har ƙofar gida ina kiran sunansa, ba takalmi a ƙafata. Bai yi sauri ba, bai kuma waiwayo ba. Ya tayar da mota ya bi ta cikin taɓon layinmu a hankali, yana kauce wa yaran da ke wasa.

Da na dawo ɗaki saƙonnin Vivian sun cika wayata. Shafin ya kusa tsayawa saboda yawan mutane. Mai kayan kicin ta dawo. Ta turo hoton alƙaluman da alamomin 'yan rawa a jere, ta ce Kontagora ta nemi wata malamar. Na kira Munzali, wayar ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Na sake kira, a kashe.

Ina zaune a bakin katifa Inna ta ɗaga labule, riƙe da ƙaramar wayarta. Fuskarta babu faɗa, kuma hakan ya fi ba ni tsoro.

"Goggonki ce ta kira," ta ce. "Ta ce a duk Tunga mai sola ɗaya ne ke in'ina. Suna hanya ita da mahaifiyarsa. Ki tashi ki sa kayan kirki."